Daniel Barringer, attajirin da ya ƙarar da dukiyarsa wajen neman ƙarfen da ya faɗo daga sama

Da yawa daga cikinmu mun ji labarin dutsen nan da aka tsinta cikin hamadar jihar Agadas a watan Nuwamba na 2023, aka fitar da shi daga Nijar, har kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin Niyok ranar 16 ga watan Yuli na 2025 a kan dalar Amurka miliyan 5.3, wato wajen miliyar 3 na kuɗin sefa. Dutsen bai cika kilo 25 ba, ke nan bai kai rabin buhun siminti ba, kuma masana sun tabbatar daga duniyar Mars ya fito. Tun daga lokacin mutane ke tambayar juna a rumfunan kasuwa da wuraren shan shayi yadda aka yi dutse ya baro wata duniya ya zo ya faɗi a ƙasarmu. Amsar tana da alaƙa da rayuwar wani Ba'amurke mai suna Daniel Moreau Barringer, lauya kuma ɗan kasuwar ma'adinai, wanda ya rasu tun 1929. Shi ne ya fara tara hujjoji, ya tsaya a kansu, cewa wani ƙaton rami da ke doron ƙasa dutse ne daga sama ya haƙa shi. A nan ya yi gaskiya. Amma a lissafin riba ya yi kuskure, kuma kuskuren ya cinye masa dukiya.

Haihuwarsa da neman arzikinsa

An haifi Barringer ranar 25 ga watan Mayu na 1860 a garin Raleigh da ke jihar Karolina ta Arewa. Ɗan babban gida ne, domin mahaifinsa, wanda shi ma Daniel ne sunansa, ya yi ɗan majalisar dokokin Amurka, ya kuma yi jakadan ƙasarsa a Sipaniya. Yaron ya tashi da kaifin ƙwaƙwalwa. Ya gama jami'ar Princeton a 1879 yana da shekara 19, sannan ya samu takardar zama lauya daga jami'ar Pennsylvania a 1882.

To amma aikin lauya bai riƙe shi ba. A wancan zamani yammacin Amurka ya cika da masu neman zinariya da azurfa da tagulla, kamar yadda matasanmu suka yi ta kwarara Jado a 2014. Barringer bai tafi da cebur da diga kawai ba. Sai da ya koma makaranta, ya karanci ilimin duwatsu da ma'adinai a jami'o'in Harvard da Virginia, kana ya shiga harkar. Cikin shekarun 1890 shi da abokan cinikinsa suka mallaki mahaƙar azurfa ta Commonwealth a garin Pearce da ke yankin Arizona, wadda ta yi albarka ƙwarai. A 1897 ya fitar da littattafai biyu, ɗaya kan dokokin haƙar ma'adinai, ɗaya kan ma'adinan da ke da daraja a kasuwa. Kafin ya cika shekara 40 ya zama attajiri mai faɗa a ji, gwanin farauta, wanda ya san manyan ƙasa, har da Theodore Roosevelt da ya zama shugaban Amurka a 1901.

Ramin da ya ruɗa masana

A arewacin Arizona, kusa da garin Winslow, akwai wani shimfiɗaɗɗen fako. A tsakiyarsa akwai rami zagayayye kamar ƙwarya, faɗinsa wajen mita 1,200, zurfinsa mita 170. Don mai karatu ya gane girman abin, gadar Kennedy ta nan Yamai mita 710 ce, ke nan ko an ɗora ta a kan ramin ba za ta kai daga baki zuwa baki ba sai an ƙara mata kusan mita 500. Kewaye da ramin makiyayan tumaki sukan tsinci wasu baƙaƙen ƙarafa masu nauyi, har wasu suka zaci azurfa ce. A 1891 wani dillalin duwatsu daga Filadelfiya mai suna Albert Foote ya je ya kwaso su, da aka bincika sai aka ga ƙarfe ne gauraye da nikel, irin wanda ake samu cikin duwatsun da ke faɗowa daga sama, har da ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyin lu'ulu'u a ciki.

A wannan shekara ce babban masanin duwatsu na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, Grove Karl Gilbert, ya je wurin da kansa. Ya tafi da zaton cewa wani ƙaton ƙarfe ne ya faɗo ya nutse, sai ya shirya gwaji biyu. Na farko, in akwai ƙarfe mai yawa a binne, dole ya ja allurar kamfas kamar yadda mayen ƙarfe ke yi. Allura ba ta motsa ba. Na biyu, duk wanda ya taɓa binne randa a ƙasa ya san ƙasar da ya tono takan yi saura, tun da randar ta cinye wuri. Gilbert ya auna tarin ƙasa da duwatsun da ke bakin ramin, ya ga daidai suke da abin da zai cika shi, babu saura. Daga nan ya yanke cewa tururi ne daga ƙarƙashin ƙasa ya fashe, musamman da yake akwai tsofaffin duwatsu masu aman wuta a yammacin wurin. Abin mamaki, shi wannan Gilbert ɗin ne ya rubuta a 1893 cewa ramukan da ke fuskar wata faɗowar duwatsu ce ta yi su. Ya yarda da abin a wata, ya ƙi shi a ƙasa. Da yake shi babba ne a fagen, sai maganarsa ta zama hukunci, masanan gwamnati suka yi shekaru ba mai son ja da ita.

Cinikin biri a sama

A 1902, a garin Tucson, wani ma'aikacin gwamnati mai suna Samuel Holsinger ya ba Barringer labarin ramin da ƙarafan da ke warwatse a gefensa. Nan take tunanin ɗan kasuwa ya motsa. In waɗannan ɓarɓashi ne, to uwar tana can ƙasa a binne. Ya ƙiyasta nauyinta zai kai tan miliyan 10 na ƙarfe da nikel, da ɗan filatin a ciki, abin da darajarsa za ta kai ɗaruruwan miliyoyin dalar Amurka. Mu tuna lokacin ana ta shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa da gina masana'antu, ƙarfe da nikel suna da kasuwa sosai.

Tun bai sa ƙafa a wurin ba, ya jawo abokinsa Benjamin Tilghman, masanin lissafi, suka kafa kamfani mai suna Standard Iron a 1903, suka nemi takardun mallakar filin. Hausawa sun hana cinikin biri a sama, amma Barringer ya yi shi da zuciya ɗaya. Suka raba filin gida huɗu, suka sa wa kowane kashi sunan ɗaya daga cikin duniyoyin da ke kewaya rana.

Da suka fara aiki sai hujjoji suka riƙa fitowa. Sun tarar da miliyoyin tan na dutsen rairayi da ya niƙe ya zama gari mai laushi kamar fulawa, abin da sai bugu mai tsananin ƙarfi ke iya yi. Sun ga jerin duwatsun da ke bakin ramin a kife yake, na ƙasa ya koma sama, na sama ya koma ƙasa, kamar an juya waina a tanda. Sun samu gutsattsarin ƙarfen cakuɗe da tarkacen duwatsun, alamar cewa lokaci ɗaya aka watso su. Sannan duk faɗin ramin babu ko ƙwaya ɗaya ta dutsen aman wuta. Barringer da Tilghman suka rubuta waɗannan hujjoji, cibiyar kimiyya ta Filadelfiya ta buga su a 1906. A 1908 wani masani na cibiyar Smithsonian, George Merrill, ya binciki duwatsun ya goyi bayansu, sai dai ya yi gargaɗi cewa mai yiwuwa zafin karon ya cinye ƙarfen. A 1909 Barringer ya tsaya gaban majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka a Princeton ya kare matsayinsa. Mutum ne mai zafin kai da kaifin harshe, ba ya raga wa wanda ya saɓa masa, kuma wannan hali ya sa wasu masanan suka ƙara nisantarsa. Gargaɗin Merrill kuwa bai shiga kunnensa ba.

Shekarun haƙa

Da farko tsakiyar ramin suka nufa, tun da a hankalce abin da ya haƙa rami zagayayye daga sama tsaye ya faɗo. Suka fara haƙa rijiya, sai garin dutsen nan da ya jiƙe da ruwa ya riƙa zubowa yana cike ta. Suka koma huda ƙasa da inji irin na foraj. Zuwa 1908 sun huda ramuka 28. Suna samun ɓurɓushin ƙarfe da nikel cikin tarkace, amma daga ƙarshe bakin injin sai ya isa ga lafiyayyen dutsen da bai taɓa motsawa ba. Uwar ƙarfe babu ita. Kuɗi suka yi ta tafiya, daga baya Tilghman ya janye hannunsa.

Barringer bai karaya ba. A matsayinsa na mafarauci sai ya ɗauki bindiga ya riƙa harba harsashi cikin taɓo a karkace. Ya lura ko a karkace aka harba, ramin zagayayye yake fitowa, harsashin kuma yakan maƙale a gefe. Ya duba ramin Arizona ya ga duwatsun bakin kudu sun fi na ko'ina ɗagowa. Sai ya yanke cewa ƙarfen daga arewa ya zo, ya kutsa ƙarƙashin bakin kudu, shi ya sa ba a same shi a tsakiya ba.

Ya yi shekaru yana yawon neman masu zuba jari. A 1920 wani babban kamfanin narkar da ma'adinai na Amurka ya yarda ya huda bakin kudu. Aikin ya yi ta cin kuɗi da kayan aiki, har a 1922 bakin injin ya maƙale a zurfin kusan mita 420, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Kamfanin ya tattara kayansa ya tafi. Barringer kuwa ya ɗauka injin ya taɓa uwar ƙarfen ne, sai ya ƙara samun ƙarfin gwiwa. Ya sake tara masu hannun jari, aka kafa sabon kamfani, a 1928 aka fara haƙa babbar rijiya daga kudancin ramin don a shiga wa ƙarfen ta gefe. Nan ma ruwa ya ɓalle, ya fi ƙarfin injinan zuƙa.

Lissafin da ya rufe kasuwa

Da masu hannun jari suka ga kuɗinsu na nutsewa, sai suka nemi wanda ba shi da ko sisi a cikin harkar ya duba musu. Suka ɗauko Forest Ray Moulton, masanin taurari da lissafi wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Shikago. A 1929 Moulton ya zauna da alƙalami da takarda ya yi abin da ya kamata a yi tun farko. Ya nuna cewa ƙarfen da ya haƙa ramin bai kai ko kusa da tan miliyan 10 ba, wajen tan dubu 300 ne, kuma mafi muni, ba zai tsira daga karon a dunƙule ba.

Dalilin yana cikin gudu. Binciken baya ya nuna faɗin ƙarfen wajen mita 50 ne, kuma ya iso ƙasa da gudun da ya kai kilomita 12 a daƙiƙa guda. Da irin wannan gudu, tafiya daga Yamai zuwa Maraɗi ba za ta ci minti ɗaya ba. Maƙera sun san in aka yi ta dukan ƙarfe da guduma yakan yi zafi, domin ƙarfin bugun ne ke komawa zafi. To abu mai nauyin manyan motoci dubu 10 cike da kaya, a tsayar da shi cak cikin ƙiftawar ido, zafin da zai fito ya wuce misali. Ƙarfen ya fashe kamar bam, wani kashi ya zama tururi, wani ya narke ya watsu kamar yayyafi, saura ya farfashe. Fashewar ce ta haƙa ramin, shi ya sa ya fito zagayayye. Harsashin bindigar Barringer bai yi gudun da zai fashe ba, don haka gwajinsa na taɓo ya ɓatar da shi. Shi ma Gilbert abin da ya ruɗe shi ke nan, ya nemi ƙarfe a binne alhali ƙarfen ya riga ya watse.

Aka dakatar da aiki. A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta Niyok ta rushe, attajirai da yawa suka wayi gari ba su da komai. A watan Nuwamba Moulton ya aiko da rahoto na biyu, wanda ya fi na farko tsauri. Ranar 30 ga wannan wata, bugun zuciya ya kashe Barringer yana da shekara 69. Ya bar matarsa Margaret da ƴaƴa takwas. Shekara 27 ke nan tun ranar da ya fara jin labarin ramin, kuma an kashe fiye da rabin miliyan na dalar Amurka ta wancan zamani, mafi yawa daga aljihunsa.

Gaskiya ta yi halinta

Bayan rasuwarsa, wani mai tara duwatsun sama, Harvey Nininger, ya yi ta tace ƙasar da ke kewaye da ramin, ya samu ɗimbin ƴan ƙwayoyin ƙarfe kamar tsabar gero, waɗanda suka narke suka daskare a iska. Dukiyar da Barringer ya nema a ƙarƙashin ƙasa ashe tana warwatse a filin da yake takawa kullum.

Cikakkiyar shaida ta zo a 1960. Wani matashin masani mai suna Eugene Shoemaker, wanda ya binciki ramukan da gwajin bam ɗin nukiliya ya bari a hamadar Nevada, ya ga ramin Arizona kamarsu ɗaya, har da kifewar duwatsun baki. Shi da abokin aikinsa Edward Chao suka gano wani ma'adini mai suna kowesait cikin duwatsun ramin, wanda ba ya samuwa sai an matse rairayi da ƙarfin da dutse mai aman wuta ba zai iya bayarwa ba. Daga nan gardama ta ƙare. An kuma gano cewa ramin ya yi shekara wajen dubu 50.

Da aka samu wannan ma'auni sai aka shiga duba sauran wurare. Yau an tabbatar da irin waɗannan ramuka kusan 200 a duniya. Fataken goro da suka san Kumasi sun san tafkin Bosumtwi, mai faɗin fiye da kilomita 10. Shi ma dutse ne daga sama ya haƙa shi, shekara wajen miliyan ɗaya da suka wuce. Akwai na Aorounga a arewacin Cadi, akwai kuma na Vredefort a Afirka ta Kudu, wanda ya fi shekara miliyar 2. An kai ƴan sama jannatin shirin Apollo ramin Barringer don su koyi abin da za su tarar a wata, kuma tsakanin 1969 da 1972 suka dawo da kilo 382 na duwatsu da ƙasar wata, waɗanda da yawansu karo ne ya farfasa su ya sake manne su.

Yadda karo ya gina duniyoyi

A nan ne ƙaramin ramin Arizona ya buɗe babbar ƙofa. A 1956 wani masani mai suna Clair Patterson ya yi amfani da darmar da ke cikin ƙarfen wannan rami, tare da wasu duwatsun sama, ya auna shekarun duniyarmu, ya samu kimanin shekara miliyar 4 da rabi. Har yau a kan wannan adadi ake. Ɓarɓashin da Barringer ya raina, shi ya faɗa wa ƴan Adam shekarun ƙasar da suke takawa.

Ga yadda masana suka fahimci abin da ya faru a wancan lokaci. Rana tana sabuwa, ƙura da iskar gas suna kewaya ta. Ƙurar ta riƙa manne wa juna tana dunƙulewa kamar garin gero in ana dunƙula fura, daga tsakuwa zuwa duwatsu, daga duwatsu zuwa manyan curi masu faɗin ɗaruruwan kilomita. Wanda ya fi girma yana jawo ƙanana ya haɗiye su. Shi kansa Moulton, wanda lissafinsa ya rufe kasuwar Barringer, yana cikin waɗanda suka fara kawo ra'ayin cewa daga ƙananan curi aka tara duniyoyi, tun a 1905, shi da Thomas Chamberlin. Wani masanin Rasha, Viktor Safronov, ya shimfiɗa lissafin abin dalla-dalla a 1969. A mataki na ƙarshe sai aka samu gomman manyan curi, wasu kamar wata, wasu kamar Mars, suna gwabza karo da juna na tsawon miliyoyin shekaru, har aka rage saura duniyoyi huɗu na dutse: Merkuri, da Zara wadda Hausawa ke ce wa matar wata, da tamu, da Mars.

Kowane babban karo yakan saki irin zafin da Moulton ya lissafa, ninki ba adadi. Duniyarmu ta narke, ƙarfe da yake ya fi nauyi ya nutse tsakiya, kamar yadda tsakuwa ke kwantawa a gindin ƙwarya in ana rege shinkafa, dutse mai sauƙi ya taso sama. Ƙarafan da ke faɗowa daga sama, har da na ramin Arizona, gutsattsari ne na waɗancan ƙananan curi da karo ya farfasa tun farkon zamani.

Wata ma ta wannan hanya ya samu, a ra'ayin mafi yawan masana. William Hartmann da Donald Davis ne suka gabatar da bayanin a 1975, aka karɓe shi sosai bayan wani taro a tsibirin Hawai a 1984. Wani curi mai girman Mars ya bugi duniyarmu tana jaririya, narkakken dutse ya fantsama sama, ya taru ya zama wata. Hujjar ita ce duwatsun da aka kawo daga wata sun yi kama ƙwarai da na ƙasa a haɗinsu, kuma ƙarfen da ke tsakiyar wata kaɗan ne. Baƙaƙen tabon da muke gani a fuskar wata ran sha huɗu manyan ramukan karo ne da narkakken dutse ya cika daga baya. Su sun daɗe ba su goge ba saboda can babu ruwan sama babu iska, namu kuwa ruwa da iska da motsin ƙasa sun share mafi yawansu. A Mars, rabin arewa ya fi na kudu kwari da kilomitoci, kuma masana da dama na danganta haka da wani gagarumin karo. Merkuri kuwa kusan duk cikinta ƙarfe ne, ana kuma kyautata zaton karo ne ya kwashe mata yawancin dutsen da ya lulluɓe ta.

Har zinariya tana cikin labarin. Ita mai bin ƙarfe ce, don haka wadda aka fara da ita ta nutse tare da shi can tsakiyar ƙasa inda ba mai isa. Masana da yawa na ganin wadda ta rage a sama, duwatsun da suka ci gaba da faɗowa bayan nan ne suka kawo ta, daga baya zafi da ruwan ƙarƙashin ƙasa suka tattara ta a jijiyoyin duwatsu irin na Komabangu da Jado.

Daga Mars zuwa Agadas

Yanzu sai mu koma ga tambayar da muka fara da ita. Mars ta fi duniyarmu ƙanƙanta, ƙarfin janta kaɗan ne, iskarta kuma ba ta da kauri. In babban dutse ya buge ta, wasu gutsattsarin sukan tashi da gudun da ya wuce kilomita 5 a daƙiƙa, su kuɓuce mata baki ɗaya. Sai su yi ta kewaya rana shekaru miliyoyi, har wani ya gamu da duniyarmu. Yadda ake gane su kuwa, a 1976 na'urorin Viking da Amurka ta saukar a Mars sun auna iskar can, daga baya aka samu irin wannan iska a kulle cikin wasu duwatsun da suka faɗo nan. Ɗaya daga cikinsu a ƙasar Hausa ya faɗi. Ranar 3 ga watan Oktoba na 1962, a Zagami da ke lardin Katsina, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa sai dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da shi. Yau sunan Zagami sananne ne ga duk mai binciken Mars.

Duwatsun sama da aka yi wa rajista a duniya sun haura dubu 70, amma na Mars kimanin 400 ne kawai, kuma na Agadas ya fi kowannensu girma. Abin da ya sa ya yi tsada ke nan. Ba kowane dutsen sama ke da irin wannan kuɗi ba. Wanda ya faɗo a Tazarzait cikin jihar Tawa a watan Agusta na 1991 ya kai kilo 110, amma daga irin da aka fi samu yake. Hamadarmu tana adana su saboda bushewarta, baƙin dutse kuma ba ya ɓuya a kan farin rairayi. Bayan gwanjon Niyok, gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda dutsen ya fita, ta kuma ba da umurnin dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama a 2025.

Abin da ya bari

Barringer ya riƙe magana biyu a ransa. Ta farko, cewa dutse daga sama ne ya haƙa ramin, ya auna ta da hujja ɗaya bayan ɗaya, ta kuma tabbata shekara 31 bayan mutuwarsa. Ta biyu, cewa dukiya na nan a binne, bai yarda wani ya auna masa ita ba sai da masu jari suka tilasta, lokacin kuwa uwar kuɗi ta riga ta tafi. Ɗan kasuwa ya san irin wannan, kayan da zuciya ta riga ta ƙwallafa a kai ba a son jin aibinsu.

Iyalinsa ba su sayar da filin ba. Har yanzu ramin yana hannun zuriyarsa, dubban baƙi suna biyan kuɗi kowace shekara don su gan shi, masana kuma suna zuwa bincike. Tun 1984 ƙungiyar masu nazarin duwatsun sama take ba da lambar yabo da sunan Barringer, kuma Shoemaker ne ya fara karɓa. A bayan wata, gefen da ba ma gani daga nan, akwai wani rami da aka raɗa wa sunansa.